"Tana Juyawa, Ba Ta Kamawa": Harshe da Dabarun Kanikawa a Kasuwar Singa wajen Gano Matsalar Motar da Ta Ƙi Tashi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake bin diddigin matsalar motar da injinta yake juyawa idan an murɗa makulli amma ya ƙi kamawa, ko kuma ya kama ya riƙa aiki da ƙyar. An yi haka ne ta la'akari da kalmomin da direbobi da kanikawa suke amfani da su a kewayen Kasuwar Singa ta Kano. An nuna cewa jimlar "ta ƙi tashi" tana ɗauke da matsaloli biyu mabambanta, kuma rabe su shi ne matakin farko na gyara. Daga nan an bi tsarin bakanike, tun daga sauraro har zuwa gwajin mai da wuta da iska da matsi. Maƙalar ta nuna cewa kalmomin sana'ar sun ginu ne a zamanin kafireta, saboda haka suna da kaifi a kan abin da ido yake gani da abin da kunne yake ji, suna kuma da rauni a kan abin da ya koma hannun kwamfutar mota.

1.0 Gabatarwa

Kasuwar Singa, wadda take tsakanin Fagge da Sabon Gari a birnin Kano, kasuwar sari ce ta kayan masarufi: sukari da fulawa da shinkafa da taliya da madara da man girki da sabulu. Sunanta ya samo asali daga kamfanin keken ɗinki na Singer, ko da yake a yau buhu da katan ne suka mamaye wurin. Irin wannan kaya ba a ɗaukarsa a hannu. Tirela ce take kawo shi, sannan Kanta da J5 da a-kori-kura da 'yar kurkura da adaidaita-sahu su rarraba shi zuwa unguwanni da ƙauyuka da sauran jihohin Arewa, wani ma ya tsallaka iyaka zuwa Nijar da Cadi. Ke nan harkar kasuwar ta rataya ne a kan inji, kamar yadda harkar Fagge ta dā ta rataya a kan raƙuman fatake.

Motar da aka gama yi wa lodi ta ƙi tashi a ƙuntataccen layi ba matsalar direba kaɗai ba ce. An riga an sallami 'yan dako, mai kaya yana jira a wani gari, motocin baya sun tsaya, masu baro suna neman hanya. A cikin wannan matsi ne ake kiran bakanike, kuma abin da zai fara aiki da shi magana ce, kafin sifana ko sukudireba. Idan direba ya faɗi abin da ya faru daidai, bakanike kuma ya fahimce shi daidai, gyaran na iya ƙarewa a kan fiyus ɗin 'yan nairori. Idan aka saɓa, sai a shiga canki-canka: a sayi batir, a sayi fulogi, a sayi famfon mai, mota kuma tana nan inda take.

2.0 "Ta ƙi tashi": jimla ɗaya, matsala biyu

Bahaushe yana magana a kan mota kamar mai rai. Tana "tashi", tana "mutuwa", tana "shan mai", tana "tari", tana "ƙin" abin da aka nema daga gare ta. Aikatau ƙi-karɓau "tashi" shi ne wanda ake amfani da shi ga mai barci, direba kuma "tayar" da ita yake yi, wato aikatau na aji na biyar a tsarin Parsons (1960). Akwai kuma bambanci na jinsi da yake ɗauke da nauyin ma'ana. "Mota ta mutu" magana ce mai sauƙi, domin wadda ta mutu a danja tana iya tashi bayan daƙiƙa kaɗan. "Inji ya buga" kuwa labari ne na asarar dukiya mai yawa. A nan mutuwa ta fi bugu sauƙi.

Matsalar jimlar "ta ƙi tashi" ita ce faɗinta. Idan aka murɗa makulli, abu biyu ne suke faruwa a jere. Da farko batir yakan ba wata 'yar na'urar lantarki ƙarfi, wadda kanikawa suke kira "kik", ita kuma ta juya injin. Irin wannan na'ura ta fara fitowa a motar Cadillac ta Amurka a 1912, kafin nan da hannu ake juya inji. Bayan juyawar, sai injin ya fara ƙona mai da kansa, ya ci gaba da tafiya ba tare da taimakon kik ba. Mataki na farko shi ne "juyawa", na biyu kuma "kamawa", aikatau ɗin da ake amfani da shi ga wutar murhu idan ta kama itace. Saboda haka tambayar farko ta gwanin bakanike takan kasance kamar haka:

(1) Direba: Oga, don Allah zo ka duba mini, ta ƙi tashi.
Bakanike: Tana juyawa, ko shiru ka ji?
Direba: Tana juyawa sosai, kamawa ce ba ta yi.

Wannan gajeriyar musaya ta raba aikin gida biyu. Idan shiru aka ji, ko wani ɗan sauti ƙas-ƙas, ko injin yana juyawa a kasalance, to zargi yana kan batir da kawunansa da wayoyinsa da kik. Lafiyayyen batir na ƙaramar mota yana nuna bolt 12.6 a kan ma'auni idan ya cika, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da kimanin 9.6 ba a lokacin da yake juya inji. Manyan motoci kuwa sukan haɗa batir biyu su ba da bolt 24. Amma idan injin yana juyawa da ƙarfinsa, batir da kik sun fita daga zargi, kuma wannan ne batun maƙalar.

A nan ya kamata a yi tsokaci a kan turin mota, wanda shi ne taimakon farko da jama'ar kasuwa suke kawowa. Turi yana maye gurbin kik ne kawai, wato tayoyi su juya injin ta hanyar giya. Magani ne na matsala ta farko, a motar manuwal. Motar da take juyawa da kanta ba ta kamawa, ko an tura ta daga Singa zuwa Bata ba abin da zai ƙaru sai gumi. Haka nan naci a kan makulli: juyawar da ta wuce daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar ba hutu tana zafafa kik, tana kuma zuƙe batir, har a wayi gari matsala ɗaya ta zama biyu.

3.0 Abin da inji yake buƙata

Injin fetur na yau yana bin tsarin bugu huɗu da Nikolaus Otto ya tabbatar a Jamus a 1876: fistan ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, tartsatsin fulogi ya kunna su ƙarfin ƙunar ya tura fistan ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Daga nan ake gane buƙatunsa: mai, iska, wuta da matsi, kuma kowanne ya zo a lokacinsa. Gwargwadon da ya dace shi ne kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na fetur. Ƙarancin mai yana hana kamawa, yawansa ma yana hanawa.

Bakanike yakan taƙaita duk wannan a tambaya ɗaya: "Mai ne ko wuta?" Taƙaitawar tana da hikima, domin mafi yawan matsalolin a ɗayan biyun suke. Sai dai kowace daga cikin kalmomin biyu tana da ma'ana fiye da ɗaya. "Mai" ya ƙunshi fetur, da gas wato dizal, da baƙin mai, da man giya, da man birki. "Wuta" kuwa ta fi rikitarwa: cajin batir wuta ne, lantarkin da yake bin waya wuta ne, fitilun dashbod wuta ne, tartsatsin fulogi ma wuta ne. Direban da ya ce "akwai wuta" galibi yana nufin ya ga fitilu sun kawo, hon kuma yana kuka. Bakaniken da ya tambaya kuwa tartsatsi yake nufi, wanda kwayil yake samarwa ta hanyar ɗaga bolt 12 zuwa dubbai masu yawa. Mota tana iya samun wuta ta farko cikakkiya, ta rasa ta biyu gaba ɗaya. Rashin rabe waɗannan ma'anoni ya sa an sayar da batura da yawa ga motocin da ba batir ne damuwarsu ba.

4.0 Mai

Kafin ya taɓa komai, bakanike yakan nemi tarihi, kamar yadda likita yake yi. A ina aka sha mai na ƙarshe, gidan mai ko wajen 'yan bumburutu? Tana tafiya ta mutu, ko a tsaye ta kwana ta ƙi tashi? An wanke inji? An shiga ruwa? Kowace amsa tana nuna wata hanya. Motar da ta yi ta fizga kafin ta mutu, mai take nunawa. Wadda ta mutu farat ɗaya kamar an kashe ta da makulli, lantarki take nunawa ko bel ɗin tayimin.

Gwajin farko da kunne ake yin sa. A motar injekta, idan aka murɗa makulli zuwa inda fitilu suke kawowa ba tare da an juya inji ba, famfon mai da yake cikin tanki yakan yi wani ɗan gunji na kimanin daƙiƙa biyu. Bakanike yakan sa yaronsa ya kara kunne a bakin tanki. Idan shiru ne, ba a hanzarta yanke wa famfo hukunci, sai an duba fiyus da rile da wayar da take kai masa wuta, domin su ne masu araha, kuma sukan mutu. Wani lokaci akan bubbuga ƙasan tanki yayin da ake juya inji, famfon da ya gaji ya farfaɗo. Wannan dabara tana tabbatar da cuta ne, tana kuma iya fitar da mota daga layi, amma ba ta warkarwa.

Gwaji na biyu shi ne a ɗan fesa fetur ta hanyar shigar iska sannan a juya. Idan injin ya kama na ɗan lokaci ya mutu, an tabbatar akwai tartsatsi da matsi, mai ne ba ya isowa. Gwaji ne mai kaifi, amma mai haɗari, domin wuta tana iya dawowa ta baya ta kama hannu ko fuska, balle a kasuwar da katan da leda da man girki suke jibge a ko'ina. Wanda ya san aikinsa kaɗan yake sawa, yana kuma nisantar da jarka.

Akwai wani kuskure da ya samo asali daga zamanin kafireta. A motoci irin su Peugeot 504, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, ya isa a cire tiyo a ga mai yana zuba, a ce "mai yana zuwa". Kafireta ba ta buƙatar matsi mai yawa. Injekta kuwa tana buƙatar mai ya iso da ƙarfin da ya kai kimanin ninki uku na matsin iskar sarari ko fiye, kafin nozul ya iya fesa shi kamar hazo. Famfon da ya raunana yana iya zubo mai a ƙasa a gani da ido, ya kuma kasa tayar da inji. Jimlar "mai yana zuwa" gaskiya ce a nan, amma ba ta amsa tambayar ba, domin abin da ake buƙatar sani shi ne da wane ƙarfi yake zuwa, kuma wannan sai da ma'auni. Haka ma al'adar tattaka totur kafin a tayar da mota: a kafireta tana watsa ɗan mai a cikin inji, a injekta kuwa ba ta ƙara komai.

Yanayin tattalin arziki ma yana shiga cikin tanki. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma ci gaba da hawa. Direban da yake sayen lita biyar-biyar yana tafiya ne kullum da tanki kusan fanko. Famfon da yake cikin tanki kuwa man da yake nitse a ciki ne yake sanyaya shi, saboda haka yawan tafiya a ƙarshen mai yana gajarta ransa. Ingancin man shi ma abin dubawa ne. A watan Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA ta tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, wanda aka yi lodinsa daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, kuma janye shi daga kasuwa ya haifar da dogayen layuka a gidajen mai. Ban da irin wannan babban lamari, akwai na yau da kullum: ruwa a cikin mai, ko gauraye da kananzir. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a ƙasan tanki, daidai inda famfo yake zuƙa. Shi ya sa bakanike yakan tsiyayi mai a farar kwalba ya ajiye, ya ga ko zai rabu gida biyu.

Kishiyar ƙarancin mai ita ce abin da ake kira "obafulo", wato mai ya yi yawa har ya jiƙa fulogi. Alamarsa warin fetur mai ƙarfi. Maganinsa a taka totur har ƙasa a riƙe yayin juyawa domin iska ta yawaita, kuma motocin injekta da yawa sukan yanke mai da kansu idan aka yi haka.

5.0 Wuta, da abin da fulogi yake faɗa

Fulogi shi ne shaidar da ya kwana a cikin silinda, don haka ake kwance shi a karanta. Idan ya fito a jiƙe da fetur, mai yana isowa, ƙonewa ce ba ya yi. Idan ya fito a bushe ƙarau bayan an daɗe ana juyawa, mai ne bai iso ba. Baƙi mai kama da kunkunniya yana nuna yawan mai ko ƙarancin iska. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai yana haurowa saboda ring ya cinye. Fari fat kuma yana nuna zafi da ƙarancin mai. Daga nan sai a maƙala shi a wayarsa, a jingina shi da ƙarfen inji, a juya. Tartsatsi mai ƙarfi, shuɗi-shuɗi, mai ɗan ƙara, shi ake nema.

Idan silinda ɗaya ce ta rasa tartsatsi, mota takan tashi ta riƙa karkarwa. Rashin tashi gaba ɗaya yana nufin abin da ya lalace ya shafi dukkansu. A tsofaffin motoci wannan yakan zama kwayil guda ɗaya da suke da shi, ko na'urar da take rarraba wuta ga fulogai, wadda damina take yawan shafa idan laima ta shiga murfinta. A sababbi kuwa, inda kowace silinda take da nata kwayil, da wuya su mutu gaba ɗaya a rana ɗaya. A nan ne tambayar "mai ne ko wuta?" take kai wa iyakarta, domin akwai halin da ake rasa su duka biyu a lokaci guda, kuma ba famfo ne ya mutu ba, ba kwayil ba.

Dalili shi ne, a motar zamani kwamfuta ce take ba da umarnin feshin mai da na tartsatsi, kuma ba ta bayarwa sai wata 'yar sensa da take kusa da karanshaf ta shaida mata cewa inji yana juyawa, ta kuma nuna mata inda fistan yake. Idan sensar ta mutu, inji yana juyawa a zahiri, amma a wajen kwamfuta a tsaye yake. Wannan sensa tana da wata ɗabi'a da take rikita direbobi: takan yi aiki da sanyi, ta ɗauke idan ta yi zafi. Direba ya taso lafiya daga Dawanau ko Sharaɗa, ya kashe mota a Singa a yi lodi, ya dawo ta ƙi kamawa, bayan rabin sa'a kuma ta tashi kamar ba ita ba. Irin wannan ne ake cewa mota "tana da aljanu". Alama mai sauƙi a motoci da yawa ita ce allurar da take nuna gudun inji: idan ana juyawa ba ta ko motsa ba, zargi ya tafi kan sensar.

Makullin mota ma ya daina zama ƙarfe zalla. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 mafi yawan motocin Turai suna zuwa da ɗan ƙwayar lantarki a kan makulli, wanda kwamfuta take tantancewa kafin ta saki mai. Makullin da aka yanka a bakin titi yana buɗe ƙofa, yana juya inji, amma ba ya tayar da shi, ko kuma ya tayar ya mutu bayan daƙiƙa biyu. Da yake galibin ƙananan motocin Kano 'yan Kwatano ne, wato na hannu daga Turai da Amurka, wannan matsala ba baƙuwa ba ce.

6.0 Iska da matsi

Iska ba ta cika hana tashi gaba ɗaya ba, ta fi hana lafiyar tafiya. Ƙurar hunturu tana toshe matacin iska, mota ta riƙa shan mai tana fitar da baƙin hayaƙi. Tiyon da ya tsage yana shigar da iskar da kwamfuta ba ta lissafa ba, sai "silo", wato aikin inji a tsaye ba tare da an taka totur ba, ya riƙa hawa da sauka. Mafitar iska ma tana toshewa. A cikin bututun salansa akwai wani mataci mai ƙananan ramuka da yake rage gubar hayaƙi, wanda kanikawan Nijeriya suka raɗa wa suna "indomi" saboda kamarsa da curin taliyar Indomie, hajar da ake sarinta katan-katan a Singa ɗin kanta. Idan ya narke ya toshe, inji yakan kama ya shaƙe, ko ya kasa jan kaya.

Matsi shi ne na ƙarshe a bincike, na farko a tsada. Kunnen gwani yana gane shi tun daga juyawa: lafiyayyen inji yana juyawa da ɗan tirjiya a kowane bugu, wanda ya rasa matsi kuwa yana wulwulawa da sauri, sumul, ba tirjiya. Wannan sauti yakan nuna bel ɗin tayimin ya tsinke ko ya tsallake haƙori, bawul-bawul sun daina buɗewa a lokacinsu. A wasu injuna fistan yakan daki bawul ya lanƙwasa shi, don haka ci gaba da juyawa ƙara ɓarna ne. Idan kuma motar ta yi zafi fiye da kima kafin ta mutu, ruwan lagireto yana raguwa, farin hayaƙi mai kauri yana fita, to gasket ɗin saman inji ne ya ƙone. Nan aikin bakin kasuwa ya ƙare, sai a ja mota zuwa gareji, a nufi Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari neman kayan gyara.

7.0 Motar gas: "ta sha iska"

Manyan motocin da suke ciyar da Singa masu gas ne, kuma a wajensu rabin tambayar ya faɗi, domin ba su da fulogin tartsatsi. Injin da Rudolf Diesel ya yi nasarar tayarwa a 1897 yana matse iska ne har ta yi zafin da mai zai kama da kansa idan an fesa shi. Saboda haka saurin juyawa yana da muhimmanci a nan fiye da a motar fetur: batir mai rauni yana iya juya injin gas, amma ba da saurin da zai tara zafi ba. Da sanyin asubar hunturu kuma, ƙananan injunan gas suna dogara da "hita", wasu 'yan sanduna da suke ɗumama silinda kafin juyawa.

Matsalar da ta fi yawa ita ce wadda ake cewa mota "ta sha iska". Salon maganar a wajen mutum hutawa yake nufi, a wajen motar gas kuwa yana nufin iska ta shiga bututun mai, ko don tanki ya ƙare, ko don an canja filta, ko don wani tiyo yana zuƙa ta tsaga. Iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa, saboda haka kumfar da ta shiga layi tana shanye ƙarfin famfo, nozul ya kasa buɗewa. Magani shi ne a sassauta noti a kan filta, a riƙa danna ɗan famfon hannu har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla. Wannan suna na Hausa ya faɗi cutar daidai yadda take, kuma yana cikin misalan da suke nuna cewa ƙirƙirar cikin gida tana iya fin aro kaifi.

8.0 Asalin kalmomin da inda suka tsaya

Tsofaffin kalmomin aro sun bi ƙa'idojin tsarin sautin Hausa sarai. Sautin /p/ ya koma /f/ a fulogi da fistan da famfo. /V/ ya koma /b/ a bawul. An saƙa wasali domin raba cunkoson baƙaƙe a birki da kuloci da sukudireba. /R/ na farkon kalma ya koma /l/ a lagireto. Abin da ya fi jan hankali shi ne hanyar da wasunsu suka biyo. "Kik" ta fito ne daga kalmar da take nufin shuri, wato yadda ake tayar da babur da ƙafa, kuma Bature ba ya kiran na'urar mota da wannan suna. "Birenbos", sunan kwamfutar mota, ma'anarsa akwatin ƙwaƙwalwa, shi ma na kanikawan Nijeriya ne, haka "indomi" da "silo". Ke nan tushen aron ba Ingilishin littafi ba ne, Ingilishin gareji ne da Buroka, kuma wuri irin Sabon Gari, inda Bahaushe direba yake cinikin kayan gyara da Ibo da Bayarabe, shi ne mahaɗarsu. Nazarin kalmomin aro da yake kwatanta Hausa da daidaitaccen Ingilishi kai tsaye yana tsallake wannan zango.

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun riga motocin fetur masu injekta da sensa zuwa duniya, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero kuma ya fito a 2006, sana'ar ta ci gaba da sauyawa bayansa. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wani soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur. A wannan soket ake jona na'urar da ake cewa an "sa mota a kwamfuta", ita kuma ta fitar da lamba. P0335, alal misali, tana nuni ga layin sensar karanshaf. Lambar ba ta ce sensar ta mutu ba. Cewa ta yi saƙonta ba ya isowa yadda ya kamata, kuma wayar da ɓera ya ci ko soket ɗin da ya yi tsatsa suna iya jawo haka. Amma idan aka mayar da sakamakon zuwa Hausar gareji, yakan taƙaice zuwa "kwamfuta ta ce sensa ce", sai a tura yaro ya sayo.

Kalmar "sensa" kanta ɗaya ce tak ga na'urori da dama masu aiki daban-daban: ta karanshaf, ta iskar da take shiga, ta zafin ruwa, ta totur, ta hayaƙi. Mutuwar ta farko tana hana tashi ɗungurungum. Ta zafin ruwa idan ta yi ƙarya tana sa kwamfuta ta zuba mai kamar ana tsananin sanyi, fulogi ya jiƙe. Ta hayaƙi kuwa ba ta hana tashi, shan mai take ƙarawa. Harshen da ya iya rabe "juyawa" da "kamawa", ya kuma ƙirƙiro "ta sha iska", ba zai gaza samar da "sensar juyi" da "sensar zafi" da "sensar hayaƙi" ba, kuma tsarin ɗafa sunaye da mahaɗi ya riga ya tanadi hanyar. Haka ma "wutar batir" da "wutar fulogi", waɗanda rabe su a baki kaɗai yana iya hana direban kurkura sayen batir ɗin da ba ya buƙata a ranar da kuɗin lodinsa bai kai kuɗin batir ɗin ba.